Ƙaramin Banɗaki: Kafin A Manna Tayil, A Fara Nema Wa Bokiti Wuri

Waɗanda ba su samu sun saurara ba, ko kuma data ta yi musu gardama, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau maganar banɗaki za mu yi. E, banɗaki. Na san wani zai ce duk faɗin gida an rasa abin magana sai bayi? To ai shi ne ɗakin da ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta, kuma shi ne wanda kowa a gidan sai ya shiga sau da yawa a rana, ko don alwala kaɗai. Saƙonnin da kuke turowa a kan wannan batu kusan duk kuka ɗaya ne. An kashe kuɗi, an fasa tsohon tayil an sa sabo, an canja masai, an sa shawa mai ƙyalli, amma bayan wata biyu sabulu ya koma kan taga, buroshi yana kan tankin masai, bokiti uku a ƙasa, mutum sai ya yi tsallake kafin ya kai wurin wanka.

Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, wurin ajiya a ƙaramin banɗaki ba kaya ba ne da za ka je kasuwa ka sayo bayan an gama aiki. Ana yanke shawararsa ne ranar da aka ɓamɓare tsohon tayil, bango yana tsirara, mai aikin famfo bai binne bututu ba tukuna. Idan wannan ranar ta wuce ka, to abin da ya rage maka ƙanana ne: maratayi, ɗan kwando, da haƙuri.

Bari mu fara da lissafi, don lissafin ne zai nuna mana inda wurin yake. Ɗauki banɗakin da aka saba gani a ɗakin ciki da falo, ƙafa 5 a faɗi, ƙafa 7 a tsawo. Idan ka ninka, ƙasan duka ƙafa 35 ne. Masai na zama, da wurin da za ka sa ƙafarka a gabansa, zai ci wajen 10. Wurin wanka, ƙafa 3 nan 3 can, ya ci 9. Ƙofa mai faɗin ƙafa biyu da rabi da ke buɗewa ciki, wurin da take sharewa idan ta juya ya kusa 5. Wurin wanke hannu da inda za ka tsaya a gabansa, ka ba shi 6. Me ya rage? Kamar biyar. A cikin biyar ɗin nan ake so bokiti ya zauna, baho ya zauna, buta biyu, tsintsiya, kwandon wanki. Ba zai yiwu ba.

Yanzu ɗaga kanka ka dubi bango. Kewayen ɗakin ƙafa 24 ne. Idan tsayin bangon ƙafa 9 ne, ka ninka, ya haura 200. Cire ƙofa, cire taga, har yanzu abin da ke hannunka ya ninka ƙasan sau huɗu ko biyar. Kun ga inda dukiyar take. Ƙasa ta ruwa ce da ƙafa, kaya kuwa bango za su hau.

Sai dai akwai kaya guda da ba ya hawa bango, kuma shi ne hotunan da muke gani a Instagram ba sa nunawa. Ruwan ajiya. Banɗakin da ake ɗauka hoto a Ingila ko Dubai an tsara shi ne bisa cewa famfo ba ya ɗaukewa, kuma ruwan wanka yana killace a bayan gilashi, sauran ƙasan a bushe har ana shimfiɗa ɗan kafet. Mu kuwa fa? Ko kana da rijiyar burtsatse da tanki a sama, ranar da ba wuta ba a buga ruwa ba, sai 'yan garuwa. Kuma da yawanmu ko shawar tana zuba, da bokiti muke wanka, don mun saba kuma ya fi tattalin ruwa. Ƙasan banɗakinmu duka jiƙewa yake yi. Saboda haka wanda ya kwafo hoton can ya kawo wa kafinta, ya kwafo gidan da babu bokiti a cikinsa. Ranar da ya tare, bokitin zai shigo, kuma zai zauna a tsakiyar hanya tunda ba a tanadar masa wuri ba.

Don haka ni a ganina, tambayar farko ita ce: bokiti nawa ne ke kwana a banɗakin nan? A ƙirga da gaske, ba yadda ake fata ba. Bokitin fenti mai lita 20 da kowa ya sani, bakinsa wajen santimita 30 ne, tsayinsa bai cika wuce 40 ba. To a nema masa inda zai shige ƙarƙashin wani abu. Wuri na farko shi ne ƙarƙashin wurin wanke hannu. Maimakon irin mai doguwar ƙafa ta tangaran da ke tsaye har ƙasa tana cin wuri a banza, a sayi wanda ake kafewa a bango. Ana kafa shi ne a tsayin santimita 80 zuwa 85, don haka ƙarƙashinsa bokiti zai shiga har da murfinsa. Abin da za ka roƙi mai aikin famfo kawai shi ne bututun da ke fitar da ruwa ya shige bango kai tsaye, kada ya sauko ya huda ƙasa a tsakiyar wurin.

Wuri na biyu shi ne wanda na fi so, ɗan dakali. A gefen wurin wanka, a zuba ɗan falan kankare ko a ɗora dutsen giranit mai faɗin santimita 35 zuwa 40, a bar ƙarƙashinsa a buɗe da tsayin da bai gaza santimita 45 ba. Bokitin ajiya ya shige ƙasa. Saman kuma ya zama wurin zama. Wanda ke da tsoho a gida, ko mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa, ya san darajar wurin da za a zauna a wanke ƙafa lokacin alwala ba tare da an tsaya da ƙafa ɗaya a kan tayil mai santsi ba. Abu ɗaya, aiki uku: ma'aji, kujera, kuma wurin ɗora baho idan za a yi wa jariri wanka. A kafa famfo a bango kusa da shi, a tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashi ba sai an karkata shi ba. Wannan ƙaramar magana ce, amma sau nawa kuka ga famfon da aka kafa ƙasa-ƙasa, sai an tara a buta a juye a bokiti?

Kuma don Allah, duk bokitin da zai kwana da ruwa ya zama mai murfi da ke kamawa sosai. Yaron da ya fara tafiya kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa. Idan ya leƙa bokiti ya kifa ciki, ba ya iya fitowa da kansa, kuma ba ya iya kuka a ji. Ruwa kaɗan ya isa. Wannan ba maganar kwalliya ba ce, maganar rai ce. Murfi, da sakata a wajen ƙofa sama inda hannun yaro bai kai ba.

Akwai masu cewa to me zai hana a ɗaga ruwan sama gaba ɗaya, a sa ɗan tanki a saman ƙofa? Ana yi, kuma yana da kyau idan silin ɗinka yana da tsayi. Amma a tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 100 nauyin buhun siminti biyu ne, rataye a saman kan mutum. Ba abin da za a ɗora a kan ƙarfen da mai walda ya lanƙwasa aka kafe da ƙusa a bulo mai rami ba ne. Falan kankare ake zubawa da rodi, ya shiga cikin bango ta ɓangare biyu ko uku. Haka ma hitar ruwan zafi, mai lita 50 idan ta cika ta haura kilo 60. A zaɓa mata wuri tun kafin filasta, a cike ramukan bulon wurin da kankare, sannan a kafa ta can sama a kusurwa inda ba ta tare komai ba.

To mun sallami ruwa. Mu zo bango.

Iyayenmu da kakanninmu sun riga mu sanin wannan. A ɗakin ƙasa na da, magini yakan bar ɗan rami a jikin bango, alkuki, inda ake ajiye fitila. Ba ya cin ko taƙi ɗaya na ɗakin, ba a tuntuɓe da shi, ba ya faɗowa. Abin da masu zanen gida na yanzu suke yi a wurin wanka ke nan, su manna masa tayil, su kira shi da sunan Turanci, su caje ka. Alkuki ne. Kuma a ƙaramin banɗaki babu abin da ya kai shi amfani, don duk kantar da ta fito daga bango a wurin da faɗinsa ƙafa 3 ne, wata rana sai gwiwar hannunka ko goshinka ya gaisa da ita.

Amma yin sa yana da ƙa'ida, kuma a nan ne nake so a saurara da kyau. Bulon da muke gini da shi iri biyu ne mafi yawa, mai inci 9 da mai inci 6, kuma dukansu masu rami ne a ciki. A bangon inci 9 za ka iya samun alkuki mai zurfin inci 4, wato santimita 10, bayansa ya rage da kauri. Inci 4 ya ishi kwalbar man wanke gashi, sabulu, soso, dutsen goge ƙafa. A bangon inci 6 kuwa, wanda galibi shi ake raba ɗakuna da shi, idan ka fasa fuska ɗaya ta bulon, abin da ya rage tsakaninka da ɗakin kwana ɗan siririn ɓawo ne. Idan ruwa ya samu hanya, bayan wata shida za ka ga fentin ɗakin kwana yana kumbura yana zubowa daidai wurin, ka rasa dalili. A irin wannan bangon ya fi kyau kada a fasa. A gina ɗan gajeren bango a gabansa, kauri inci 4, tsayi zuwa ƙugu ko ƙirji, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Samansa ya zama doguwar kanta, cikinsa kuma ya ɓoye bututun ruwa. Ka rasa inci 4 na ƙasa, ka samu kanta mai tsawon ƙafa 5 da ba za ta taɓa yin tsatsa ba. Ciniki ne mai riba.

Inda ba a taɓawa ko kusa: ginshiƙi, wato pila, da kankaren da ke saman ƙofa da taga, da duk wani bim da ke ɗauke da bene. Idan magini ya sa guduma ya ji kankare da rodi, a tsaya, a matsa gefe. Kada wani ya ce maka ai ɗan kaɗan ne za a sassaƙe. Gidan sama musamman, a kira injiniya ya duba kafin a fasa komai.

Sannan gindin alkukin dole ya ɗan karkato waje, kaɗan dai yadda ido ba zai lura ba amma ruwa zai lura. Idan aka yi shi a miƙe, ko ya karkata ciki, ruwa zai kwanta, sabulu ya narke ya zama kunu, baƙin gansakuka ya kama kusurwa. A shafe cikinsa da maganin hana ruwa shiga kafin tayil, irin wanda ake gaurayawa da siminti ko wanda ake shafawa kamar fenti. Kuma gindin ya zama falle ɗaya, guntun giranit ko tayil guda, ba gutsattsari da layin haɗi a tsakiya ba, don ta layin haɗi ruwa yake shiga. Masu yankan giranit suna da ragowar guntaye da suke sayarwa da sauƙi, ka tambaya. Wani abu kuma, ka sayi tayil ɗinka kafin a fasa ramin, a auna girman alkukin da girman tayil ɗin, don bakinsa ya faɗa daidai kan layi. In ba haka ba mai tayil zai cika gefensa da 'yan siraran yanka, aikin ya fito kamar faci.

Tsayinsa fa? Ya danganta da yadda ake wanka a gidan. Mai tsayuwa a shawa, daidai ƙirji. Mai wanka da bokiti yana sunkuyawa ko yana zaune a kan 'yar kujera, ƙasa da haka, wajen ƙugu. Idan gidan akwai duka biyun, a yi shi dogo a tsaye, a raba shi hawa biyu ko uku. Na yara a ƙasa, reza da abin aski can sama. Kuma kada a sa shi a bangon da ruwan shawa ke duka kai tsaye.

Sai ƙofa. Mun ce tana cin kusan ƙafa 5 cikin 35, kashi ɗaya cikin bakwai na ɗakin, don kawai ta juya. Idan akwai sarari a ɗakin kwana ko a baranda, a juya ta ta riƙa buɗewa waje. Nan take bangon da ke bayanta ya zama naka. Akwai ma dalilin da ya fi na ajiya: idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a ƙaramin banɗaki, yana iya faɗuwa a bayan ƙofa, mai buɗewa ciki ba za ta turu ba sai an ɓalle ta. Inda ba sarari ta kowane gefe, masu aikin alminiyam suna yin mai zamewa gefe. Gaskiya ba ta kai ta katako tare sauti ba, kuma idan an sa mai arha tayoyinta kan fara cijewa, don haka kowa ya auna da gidansa. Ko wace iri ce, bayanta wurin rataya ne. Maratayi huɗu ko biyar a jere sun fi sandar tawul guda, don sanda tawul ɗaya take ɗauka ta cinye bango, maratayi kuwa kowa da nasa, har da zani da rigar da za a sa bayan wanka.

Saman masai shi ma fili ne da ake bari a banza. Kanta biyu ko ɗan kabad mai zurfin santimita 15 zuwa 20 zai zauna a wurin lafiya. Sharaɗi ɗaya: a bar aƙalla taƙi ɗaya da rabi tsakanin murfin tankin da kantar farko. Tankin masai sai an buɗe shi, yau ko gobe, robar ciki za ta lalace ruwa ya riƙa tsiyaya, kuma mai gyara yana bukatar ya ɗaga murfin ya zura hannu. Idan masai na tsuguno ne, to bangon ma ya fi zama fili, sai dai a ɗaga kantar sosai yadda mai miƙewa ba zai buga kai ba. Buta kuma a yi mata ɗan wurinta a gefen dama, ko ɗan alkuki ƙasa-ƙasa ko ƙaramar kanta, ta daina yawo a ƙasa ana shurinta.

Game da matsar da masai daga inda yake zuwa wani bango, ni dai shawarata a bar shi sai in dole. Bututunsa mai inci 4 ne, yana bukatar gangara har zuwa waje, matsar da shi yana nufin fasa ƙasa, a gidan sama kuma abin ya fi haka wuya. Wurin wanke hannu da famfo su ne masu sauƙin matsarwa, da su ake wasa.

Madubi kuwa, tunda dole za a sa shi, a sa mai kabad a bayansa. Zurfin santimita 12 zuwa 15 ya isa. Buroshi, man goge baki, abin aski, tsinken kunne, duk su shige a rufe. Buroshin haƙori a buɗe kusa da masai ba tsafta ba ce, don idan an ja ruwa akwai feshin da ido ba ya gani. Idan bangon mai inci 9 ne, kabad ɗin ma ana iya nutsa shi ciki, madubin ya kwanta daidai da tayil.

Yanzu da me za a yi duk waɗannan? A nan ne kuɗin mutane ke narkewa. Katakon da aka fi yin kabad da shi yanzu, wanda kafintoci ke kira MDF, garin katako ne aka matse da gam. Yana da kyau a ido, yana da sauƙin kuɗi, a ɗakin kwana ba shi da laifi. Amma ruwa ya taɓa bakinsa sau kaɗan, sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. A banɗakin da ake wanke ƙasansa da bokiti, kabad ɗin MDF mai zama a ƙasa ba zai ga damina biyu da mutuncinsa ba. Idan katako kake so, ka nemi falankin da aka yi don jure ruwa, wanda ake kira marin, a rufe duk bakunansa, kuma a rataye shi a bango ya bar ƙasa da aƙalla taƙi ɗaya. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne alminiyam, ko allon roba na PVC, ko giranit, ko kankare da tayil. Gilashi ma yana yi, amma ya zama mai kauri wanda aka gasa, irin wanda idan ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa, ba gilashin taga ba. Mutum ba takalmi, ƙasa da santsi, ba wurin gilashi mai yanka ba ne.

Kayan ƙarfe masu ƙyalli kuma, a yi hattara. Idan ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, za ka ga maratayi da kwandunan kusurwa duk suna walƙiya iri ɗaya, kuɗinsu kuwa ya bambanta nesa. Wani baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, rufin na ɓarewa tsatsa ta fito ta zubo a kan farin tayil. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, idan ya manne da ƙarfi, ajiye musu kayansu. Sai dai maganaɗisun ba ya gama aiki, don cikin ƙarfen da ba ya kamawa ma akwai mai lamba 201 da mai lamba 304, kuma 304 ne ya fi jure laima. Ka duba lambar a jiki ko a kwali, ka ɗaga ka ji nauyinsa, mara nauyi kamar gwangwani ba ya daɗewa. In kuɗin bai kai ba, wallahi roba mai kauri ta fi ƙarfen bogi.

Kabad ɗin da ke rufe a wuri mai laima gidan kyankyaso ne idan ba a kula ba. Duk ramin da bututu ya ratsa a toshe gefensa, a bar 'yan ƙofofin iska a jikin murfin, kuma kome ƙarancin wuri kada a toshe taga da kaya. Tagar nan ita ce ke busar da ɗakin.

Wani abin da ke ƙara wuri, kuma kyauta ne, shi ne fitar da abin da bai kamata ya zauna a banɗaki ba tun asali. Magani na farko. Ku duba kwalin yawancin magunguna, za ku ga an ce a ajiye a busasshen wuri da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Banɗakinmu a watan Afrilu ya cika wannan sharaɗin? Ko kusa. 'Yan uwa mata, garin lalle, kurkum, hoda, turaren wuta, duk laima tana dunƙule su ko ta kashe ƙamshinsu, a bar su a ɗaki a riƙa ɗebo na amfani. Tawul na ajiya ma ɗaki ya fi masa, in ba haka ba zai ɗauki warin laima tun ba a yi amfani da shi ba. Duk wani abu mai ɗauke da sunan Allah ko ayar Alƙur'ani kuwa, wannan ba sai na faɗa ba. Katan ɗin sabulu da aka saya na wata uku, sito ne wurinsa, guda ɗaya ko biyu kawai za su shigo.

Abin da ya kamata ya zauna, amma can sama a kulle, shi ne kayan wanke banɗakin. Hypo, Harpic, Izal da 'yan uwansu. Kuma kada a juye su a gorar ruwa ko ta lemo, yaro ba ya karanta abin da ke ciki, gorar yake ganewa. Sannan kada a haɗa bilic irin Hypo da maganin wanke masai mai asid wai don ya fi fita. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, a ɗan ɗakin da taga ɗaya ce ƙarama abin yana iya kai mutum asibiti. Tsintsiya, buroshin masai da abin goge ƙasa, a kafa musu maratayi a kusurwar bayan ƙofa su riƙa tsanewa a rataye.

To yaya za a tabbatar duk wannan ya faru? Ranar da aka gama ɓamɓare tsohon tayil, ka tara su a wuri ɗaya: magini, mai aikin famfo, mai wayarin, mai tayil. Ka ɗauki alli ko gawayi ka zana komai a jikin bangon. Nan alkuki, nan madubi, nan hita, nan maratayi, nan dakali. Ka shigo da bokitin gidan na gaske ka ajiye a inda aka ce zai zauna, ka tsuguna, ka miƙe, ka juya, ka ga ko wani abu ya tokare ka. Uwargida ta shigo ta gwada, don sau da yawa ita ce ta san abin da ke shiga banɗakin da abin da ke fita, kuma tsayinku ba ɗaya ba. Mai aikin famfo, idan ba ka nuna masa ba, zai bi hanyar da ta fi masa gajarta, kuma hanyar nan sau da yawa ta tsakiyar bangon da kake so ka yi amfani da shi take bi. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya masa.

Bayan an shimfiɗa bututu da wayar wuta, kafin a yi filasta, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, da tef ɗin awo a miƙe a cikin hoton. Ka tura wa kanka ka adana. Shekara uku nan gaba idan za ka huda bango ka ƙara kanta, hoton nan ne zai hana ka huda bututu, a zo ana fasa tayil ɗin da ƙila an daina kawo irinsa kasuwa. Shi ya sa ma ake ajiye ragowar kwali ɗaya na tayil.

Na san da yawa cikin masu sauraro haya suke, suna cewa mu fa ba mu da ikon fasa ko bulo ɗaya. Haka ne. Amma ko mai haya zai iya ɗaga kaya daga ƙasa. Akwai maratayin da ake saƙalawa a saman ƙofa ba huji. Akwai kantar roba ko ta alminiyam mai dogayen ƙafafu da ke tsallake tankin masai. Idan mai gida ya yarda a huda, a huda a layin da ke tsakanin tayil da tayil, ranar tashi a cike ramin ba wanda zai gane. Masu mannewa da gam suna riƙe soso da buroshi, amma kada a ɗora musu kwalba mai nauyi, zafi da laima suna sake su. Idan kuma gyara babba kake so ka yi da kuɗinka a cire a kuɗin haya, a rubuta a takarda da shaidu kafin a kawo yashi, maganar baka ba ta kwana biyu a irin wannan. Wanda yake gidan haya mai banɗaki ɗaya na kowa da kowa, shi nasa ma'ajin kwandon soso ne mai huji a ƙasa da mariƙi, ya shiga da shi ya fito da shi, a kafa masa ƙusa ɗaya a bango inda zai rataye shi kada ya ajiye a ƙasa.

Lokaci ya ja. Wanda yake da banɗaki mai wani irin fasali, dogo siriri ko wanda ke ƙarƙashin matakalar bene, ya turo mana awonsa, faɗi da tsawo da inda ƙofa da taga suke, mu duba tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.